Tun Ran Gini Ran Zane: Raunin Kwaɓin Siminti da Rigimar Magina a Ƙasar Kurfai

Kowace safiya idan Inna ta ɗauki tsintsiya, sai ta tarar da yashi kwance a gindin bangon sabon ɗaki, siririn layi kamar da gangan aka zuba shi. Ta share yau, gobe ya dawo. Da farko ta ɗauka iska ce ke kawo shi, domin a Filinge ba a mamakin ganin yashi a tsakar gida. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne launinsa toka-toka ne, kuma a gindin wannan bango kaɗai yake taruwa. Sai da ruwan farko ya sauka, iskar gabas ta maka shi a jikin ginin, sannan kowa ya ga inda yashin ke fitowa. Daga tsakanin bulo da bulo yake zubowa.

Ɗakin na ɗan kawuna ne. Shekara huɗu ya yi yana bida a Abijan, yana turo kuɗi kaɗan-kaɗan domin mahaifiyarsa Inna ta bar ɗakin ƙasa ta koma na siminti kafin ya dawo ya yi aure. Da aka kira ni, na nemi ƙusa mai tsawon yatsa, na dafa ta a kan layin kwaɓin, na ja. Ba ta yi ƙara ba, ba ta yi gardama ba. Ta shige kamar a cikin ƙulli-ƙullin da ya sha iska, garin ya zubo mini a tafin hannu. Na murza shi da yatsa biyu, ya watse. Gini bai cika wata biyar ba.

Daga wannan rana aka shiga watanni na zargi, da rantse-rantse, da gaba tsakanin gidan Inna da na maginin da ya yi aikin, gidaje biyu da suka yi shekaru suna cin abinci a akushi ɗaya. Irin wannan rigima ta zama ruwan dare a Filinge, da Cikal, da Bonkuku, da Damana, da duk inda bulo ke maye gurbin tubali. Abin da na koya a cikinta shi ne, yawancin faɗan da ake yi da magina ana iya kashe shi da awo da shaida, kuma kayan awon suna nan cikin kowane gida.

Abin da ke riƙe da bango

Mai wucewa a kan hanya bulo yake gani, da fenti, da ƙofar ƙarfe. Amma abin da ke mayar da tarin bulo ya zama bango shi ne ɗan kwaɓin da ke tsakani, wanda kaurinsa bai wuce na yatsa ba. Shi ke raba nauyin rufi daidai a kan kowane bulo, shi ke hana ruwa shiga, shi ke sa bango ya tsaya jiki ɗaya idan guguwar farkon damina ta taso. Da zarar an yi shafe, ba mai sake ganinsa. Shi ya sa nan ne wuri mafi sauƙin ha'inci a duk ginin.

Lissafinsa ba mai wuya ba ne. Buhun siminti kilo 50 ne. A ƙa'idar da ake koya wa magina, kwaɓin ɗora bulo yana son kimanin kilo 300 na siminti a kowace mita ɗaya ta yashi, tsawo da faɗi da zurfi. Idan aka mayar da wannan zuwa ma'aunin da lebura ya sani, buhu ɗaya yana tafiya da baro uku na yashi, baron da aka share bakinsa daidai, ba wanda aka yi wa tozo ba. A wurin buga bulo kuma, maginan kirki suna tsayawa a wajen bulo talatin mai faɗin santimita 15 daga buhu guda. Wanda ya fitar da hamsin daga buhu ɗaya, yashi ya sayar maka da sunan bulo.

Ɗaki mai mita huɗu kowane gefe yana cin bulo kusan 550, kuma ɗora su yana cin buhu bakwai zuwa takwas. Idan aka ja kwaɓin daga baro uku zuwa biyar, abin da aka rage wajen buhu uku ne kawai. A kan buhu uku ake jefa ɗaki guda cikin haɗari, da kwanonsa, da katakonsa, da mutanen da za su kwana a ciki. Araha ba ta ado, in ji magabata, a nan kuwa har rai tana iya ci.

Yashi, ruwa da rana

Kuskure ne a ɗauka duk kwaɓin da ya yi rauni an saci simintinsa. Ƙasar Kurfai tana da nata halin da ke iya karya aikin magini ko da buhunan sun cika.

Na farko yashi. Filinge tana zaune cikin kwarin Dallol Boso, kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma rairayi ya kewaye ta ta ko'ina. Mai amalanke zai fi son ya ɗebo na kusa. Amma rairayin tudu da iska ta tara ya cika laushi, ƙwayoyinsa ƙanana ne masu santsi, suna shan ruwa da yawa kuma suna buƙatar siminti fiye da ƙima kafin su kama. Wanda aka kwaso daga bakin fadama kuma yakan zo da laka, ita kuwa laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti manne mata. Yashin ƙwarai shi ne na ƙorama, mai kaushi, wanda ruwan damina ya wanke, wanda in ka damƙe shi yana ƙara a hannu kuma ba ya barin datti a tafi. Yana da nisa, kuɗin ɗaukarsa ya fi yawa, daga nan ake fara sassauci.

Na biyu ruwa. An san kwarin dallol da kanwa tun zamanin kakanni, kuma akwai rijiyoyin da ruwansu ke da zartsi. Gishirin da ke cikin irin wannan ruwa, ko wanda ke hawowa daga ƙasa ta harsashi, shi ke fitar da farin gari a gindin bango, yana cin kwaɓi a hankali shekara bayan shekara. Ƙa'idar tsofaffin magina a nan gajeriya ce: ruwan da ba za ka iya sha ba, kada ka ba siminti.

Na uku rana. Mutane da yawa sun ɗauka siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi. Gaskiyar ita ce ruwa yake sha, ya haɗu da shi, ya riƙa ƙanƙara a hankali. A kwana bakwai yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ne ake auna cikakken ƙarfin. Lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhu ma ƙarfin kwana 28 take nufi. To, a watan Afrilu da Mayu zafi a Kurfai yana wuce digiri 40, a lokacin hunturu kuma iska tana tsotse danshi kamar harshen wuta. Idan aka ɗora busasshen bulo mai zafi a kan kwaɓi, sai bulon ya zuƙe ruwan kafin siminti ya sha rabonsa. Idan ba a yi wa bango ban ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda ba, kwaɓin ya ƙone ke nan, kuma ba ya farfaɗowa. Ga shi a yawancin wuraren gini sayen ruwa ake yi, tano-tano a kan amalanken jaki. Mai gida ya biya kuɗin ruwan kwaɓi, ya ga na ban ruwa kamar asara ne.

Akwai kuma ɗabi'ar kwaɓa tuli guda da safe a yi ta aiki da shi har azahar. Kwaɓin da ya wuce awa biyu ya fara kamawa, a zafin nan ma bai kai haka ba. Lebura ya ƙara masa ruwa ya sake juyawa, ya yi laushi a cokali kamar sabo, amma ƙarfinsa ya tafi. Haka simintin da ya daɗe a shago. Daga masana'antar Malbaza ta jihar Tawa, ko daga Najeriya, buhu yana yin doguwar tafiya kafin ya iso, ya kuma zauna a ƙasa yana shan danshi. Wanda ya wuce wata uku a ajiye ya fara rage ƙarfi, wanda ya yi gudaji masu tauri da yatsa ba ya murƙushewa ya riga ya mutu.

Ƙusa, kwalba da guga

Gani ya kori ji. Kafin a kira kowa ɓarawo, akwai gwaje-gwajen da kowane mai gida zai iya yi a gaban magini da shaidu.

Gwajin yashi ana yin sa tun kafin a sauke amalanke ta biyu. A sami kwalba mai haske, a zuba yashi zuwa rabi, a cika da ruwa, a jefa ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Da safe yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa ta yi layi. Idan tsayin yashin ya kai faɗin yatsu goma, kada lakar ta kai faɗin yatsa ɗaya. In ta kai, a wanke yashin ko a canza wurin ɗiba.

Gwajin bulo shi ne a ɗauki uku ko huɗu daga wurare daban-daban na tarin, ba na saman da mai sayarwa ya miƙo ba. A ɗaga ɗaya zuwa ƙugu a sake shi a kan ƙasa mai tauri. Na ƙwarai yakan tsaya, ko ya ɓalle a kusurwa. Na algus yakan tarwatse. A jiƙa wani cikin guga ya kwana, a ga ko gefensa zai narke a hannu. A ƙwanƙwasa wani da ƙarfe, a saurari amonsa, domin bulon da ya sha siminti da ruwa yana da kaifin murya.

Gwajin ƙusa kuwa sai bango ya yi wata guda. A zaɓi wurare goma ko fiye, sama da ƙasa, ciki da waje, gefen rana da gefen inuwa. Kwaɓi mai kyau, ƙusa farin zane kawai za ta bari a kansa. Matsakaici, za ta ɗan ci shi da ƙyar. Mai rauni, za ta nutse, gari ya zubo. A lura da zurfin raunin. Idan fatar waje ce kaɗai ta yi laushi cikin kuma da ƙarfi, rana ce ta ƙona shi, laifin rashin ban ruwa ne. Idan har tsakiya gari ne, to siminti ne bai isa ba, ko ya lalace tun a buhu. Wannan bambanci shi ne ke nuna wanda zai ɗauki nauyi, kuma shi ke nuna irin gyaran. Na farko ana ƙwaƙule layukan zuwa zurfin santimita biyu ko fiye, a jiƙa, a cusa sabon kwaɓi. Na biyu babu magani sai a sauke bangon.

Duk wannan sai an yi shi kafin shafe. Mai gidan da ya bari aka rufe bango bai sa masa ƙusa ba, ya binne shaidarsa da hannunsa.

Tsaga ma tana da karatu. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a manna ɗan kwaɓi a kanta. Idan bayan makonni mannin ya fashe, ginin yana motsi har yanzu, kuma sau da yawa daga harsashi ne. Tsagar da ke bin layin kwaɓi kamar matakala tana iya zuwa daga raunin kwaɓi, tana iya zuwa daga ƙasa da ta zauna. A nan ne ake buƙatar idon injiniya.

Ga babban gini, kamar aji, ko ɗakin shan magani, ko masallaci, ko bene, ƙusa ba ta wadatar ba. A Yamai akwai ɗakin gwaji na ƙasa na ayyukan hanyoyi da gine-gine, wato LNTP/B, inda ake sa bulo ƙarƙashin injin matsa har ya fashe a karanta nauyin da ya ɗauka. Akwai kuma hanyar narkar da busasshen kwaɓi da sinadari a gano yawan simintin da ke cikinsa. Duk wanda zai kai samfur, ya ciro shi a gaban abokin rigimarsa da shaidu, a raba biyu, a ɗaure, kowa ya sa hannu. Samfurin da mutum ɗaya ya ciro shi kaɗai, sabuwar gardama yake haifarwa.

Har a Birtaniya

Kada wani ya ce wannan ciwon talaka ne kawai. A watan Disamba na 2018 BBC ta ba da rahoton cewa an gina ɗaruruwan sababbin gidaje a Birtaniya da kwaɓi mai rauni, a rukunin gidaje aƙalla 13. Ƙa'idarsu a yawancin yankuna ita ce awo ɗaya na siminti ga biyar da rabi na yashi, amma a wani gida da aka gwada a Sikotlan an tarar yashin ya kusan ninka haka sau uku. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne wasu sai da suka sa hannu a kan alkawarin yin shiru kafin a yi musu gyara ko a biya su.

A gida kuwa, daminar 2024 ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa gini. Ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe a watan Satumba. A watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti domin mutane su sake gini. Tun daga nan guguwar buga bulo ta ƙaru, ga kuma mutanen ƙauyukan arewa da rashin tsaro ya koro zuwa garuruwa irin su Filinge da Abala, kowa yana neman inda zai sa kansa. Inda aiki ya yi yawa, yaron da bai gama koyo ba yakan sayi cokali da igiya ya kira kansa magini.

A zauren mai unguwa

Rigimarmu ta kai gaban mai unguwa bayan an gaji da aike-aike. Aka shimfiɗa tabarmi, liman ya zo, aka kuma gayyato wani dattijon magini da ya daina hawa bango amma ba a daina jin maganarsa ba. Ɗan kawuna yana kan waya daga Abijan, muryarsa tana rawa don ɓacin rai.

Maginin da ya yi aikin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ɗauki ko cokali ɗaya na siminti na kai gidana ba. Abin da aka ba ni da shi na yi aiki."

Dattijon bai ce masa ƙarya yake ba, bai ce gaskiya ya faɗa ba. Ya tashi da mu duka zuwa wurin ginin. Ya ƙirga layukan bulo, ya yi lissafi da yatsa a ƙasa, ya ce wannan ɗaki ya kamata ya ci buhu takwas. Sannan ya juya ga ƙanen mai ɗakin, wanda kuɗin ke biyowa ta hannunsa, ya ce, "Ɗana, buhu nawa ka sayo na ɗori?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Biyar ya sayo. A lokacin hatsin gidan ya ƙare, bazara ta yi tsanani, sai ya karkatar da kuɗin buhu uku ya sayi gero, yana nufin zai cike daga baya. Ya roƙi magini ya lallaɓa da abin da ke akwai. Ban ruwa kuma kwana biyu aka yi aka daina, don kuɗin tano ya ƙare.

Aka yi shiru. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Dattijon ya dubi maginin ya ce, "Kai kuma, ƙanena, ka san biyar ba za su isa ba. Me ya hana ka ajiye cokali?" Ya tuna masa cewa mai gida bai san awo ba, shi ya sani, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hukuncin da aka sasanta a kai shi ne: gidan su sayi siminti da ruwa, magini ya sauke bangon gabas ya sake ɗora shi ba tare da lada ba, sauran bangwaye uku a ƙwaƙule a cusa, dattijon ya riƙa leƙowa. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, liman ya yi addu'a. Da an tsaya a kan rantsuwa, da har yau gidajen biyu ba sa gaisawa. Ƙirgar layukan bulo ce ta fito da gaskiyar da kowa ke riƙe da rabinta.

Na ga wasu rigingimun inda magini ne ya ci amana ƙiri-ƙiri, yana sayar da buhuna da dare. Na ga inda mai gida ne ya matse jinga har magini ba zai fita ba sai ya yi ha'inci. Kowace da fuskarta, shi ya sa ake fara auna bango kafin a auna mutum.

Abin da doka da addini suka tanada

Zaman da muka yi yana da gurbi a dokar ƙasa. Dokar 2015 da ta tsara sarautar gargajiya a Nijar ta ba sarakuna da masu gari ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada da na hulɗar jama'a, a kuma rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Wannan takarda tana da amfani idan magana ta wuce zuwa kotu, inda alƙali ke iya naɗa masani ya je ya duba ginin. Abin da ya kamata a guje wa shi ne garzayawa wurin jandarma da rigimar da asalinta ta aiki da lada ce. Tsare magini kwana biyu ba ya ɗora bulo ko ɗaya, sai dai ya ƙara ƙiyayya.

Kundin dokokin hulɗar jama'a da Nijar ta gada daga Faransa yana da aya ta 1792, wadda ta ɗora wa mai zanen gini da ɗan kwangila alhakin shekara goma idan ginin da aka yi jingarsa ya lalace, duka ko wani sashe, saboda aibin aiki ko ma aibin ƙasar da aka aza shi a kai. Aya ta 1793 kuma ta hana ɗan kwangila ƙara kuɗi a kan jingar da aka yanke sai da yardar mai gida a rubuce. Mutane ƙalilan ne a karkara suka san da wannan. Kuma ko an sani, mai ƙara zai sha wuya idan ba shi da abin da ke nuna wa ya yi aikin, nawa aka yi jinga, wa ke sayen kaya.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan lamunin masu sana'a, cewa wanda ya karɓi aikin mutane yana ɗaukar nauyin abin da ya ɓata ta hanyar sakaci ko ha'inci. Kowane ɗalibi ya san labarin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin ya gano, ya kuma yi kakkausan gargaɗi a kan algus. Kwaɓin da aka cika wa yashi aka lulluɓe da shafe ɗan'uwan wannan hatsi ne. Haka nan addini ya yi umarni da biyan ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci, wanda kuma ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Darasin Cikal

Ƙasar Kurfai tana da abin alfahari a tarihin gini da ya kamata a tuna. A Cikal ne, a shekarar 1980, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina ginin da ba ya buƙatar itace, na baka da ƙubba da tubalin ƙasa zalla, fasahar da ta samo asali daga Nubiya ta ƙasar Masar. Daga nan ta bazu zuwa sauran sassan Nijar, da Mali, da Burkina Faso. A wannan gini babu siminti da za a ɓoye a bayansa. Idan ƙasar ba ta yi kyau ba, ko layi ya karkace, rufin da kansa zai faɗa maka. Don haka horon ya tsaya a kan zaɓen ƙasa, da awo, da haƙuri.

Haka sana'ar take tun asali a ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Zariya a ƙarni na 19, Falke Barmu ya gina na Yama a jihar Tawa har ya sami lambar Aga Khan a 1986, dukansu da ƙasa. Garuruwa suna da sarkin magina, wanda ke sanin wa ya ƙware, wa bai isa a ba shi ɗaki ba, kuma gabansa ake kai ƙara. Da siminti ya zo, sai muka karɓi kayan muka bar tsarin. Har gidajen da ake ginawa da tubali a shafe su da siminti suna nuna haka: ƙasa da siminti ba sa numfashi iri ɗaya, in ba a ɗaure shafen da waya ko ƙusoshi ba sai ya ɓamɓare, ruwa ya shige bayansa ya ci bangon a ɓoye. Ginin ƙasa da aka yi da ilimi ya fi ginin bulo da aka yi da ha'inci daɗewa.

Magina na Filinge da kewaye za su amfana idan suka farfaɗo da wannan tsari, su fitar da dattawa biyu ko uku da sarki da magajin gari suka sani, waɗanda za a riƙa kira su duba bango kafin shafe, su kuma yi shaida a zauren sulhu. Maginin kirki shi zai fi kowa cin riba, domin yau sunansa yana ɓaci tare da na masu algus.

Kafin a aza bulo na farko

Ga ɗan bida da ke turo kuɗi daga Abijan, ko Legas, ko Aljeriya, da kuma mai gidan da ke zaune a gari, hanyar tsira ɗaya ce. A rubuta jinga, ko a takardar makaranta ce, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. A faɗi girman ɗaki, da adadin bulo, da buhu nawa, da baro nawa a kowane buhu, da inda za a ɗebo yashi, da wanda zai biya ruwa, da kwana nawa za a yi ban ruwa. Wanda ke riƙe kuɗi ya zama daban da wanda ke ƙirga buhu. A ajiye buhunan da aka zazzage a ƙirga su kowace yamma, a ɗauki hoto a tura ta WhatsApp. A biya lada mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, shafe.

Sannan a ari dabarar da gwamnati ke amfani da ita a kwangilolinta, inda ake riƙe kashi biyar cikin ɗari na kuɗin aiki har shekara ta zagayo. A gidajenmu, a yi yarjejeniya tun farko cewa wani ɗan kaso zai zauna a hannun amintacce har damina ɗaya ta wuce a kan ginin. In bango ya fita lafiya, a miƙa wa magini kuɗinsa cif, da godiya. Shi ma magini yana da haƙƙin ya sa a rubuta cewa in aka rage masa kaya zai tsayar da aiki, ba tare da an kira shi mai taurin kai ba.

Wasu za su ce rubutu tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce. Na zauna a zauren da rashin rubutu ya sa uwa ta rufe fuska don kunyar ɗanta, ya sa magini mai 'ya'ya ya durƙusa yana rantsuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar zumunci ta fi ta bulo wuyar cusawa.

Bangon gabas na ɗakin Inna ya sake tashi da buhunan da suka dace. Kwana goma yaron nan yana ɗebo ruwa da kansa, asuba da la'asar, yana yayyafa masa. Da wata ya cika na koma da ƙusata, magini yana tsaye, dattijon yana zaune a inuwa. Na dafa, na ja da iyakar ƙarfina. Ta yi ƙara, ta bar farin zane siriri, bakinta ya lanƙwashe. Dattijon ya karɓe ta, ya juya ta a hannu, ya miƙa wa maginin ya ce ya ajiye, ya riƙa nuna wa yaransa. Inna kuwa har yanzu tana shara kowace safiya, abin da take tararwa a gindin bangon ganyen bedi ne da jan yashin da iska ta kawo.